Darasin Kiwo: Allurar da Ke Sa Shanu Su Nemi Bijimi Lokaci Ɗaya

'Yan'uwa, wannan darasi na masu saniya ne, ko ɗaya ce tak a turke bayan gida, ko kuwa tana hannun makiyayi. A karanta shi a ƙungiya, maza da mata tare, gama a gidaje da yawa mace ce ke ba saniya dusa da ruwa, ita ce kuma ke fara lura idan halinta ya canja.

Bari mu fara da lissafi. Saniya tana riƙe ciki wata tara da 'yan kwanaki, wato kimanin kwana 285. Idan ta huta wata uku ko biyar bayan haihuwa ta sake ɗauka, za ta ba da maraƙi kowane wata 12 zuwa 15. Amma binciken da aka yi a garkunan Fulani na kudancin Kaduna a shekarun 1980 ya nuna cewa farar saniya, wadda ake kira Bunaji, tana kai shekara biyar kafin haihuwar fari, kuma tsakanin maraƙi da maraƙi akan samu kimanin shekara biyu. Duk mai kiwo a ƙasar Katsina zai shaida cewa namu ba su fi haka ba. A cikin shekara takwas, saniya mai haihuwa kowace shekara biyu za ta ba ka 'yan maruƙa huɗu. Wadda ke haihuwa kowane wata 15 za ta ba ka shida. Waɗannan biyun da suka ɓace kuɗin makaranta ne, ko shanun huɗa guda biyu.

Saboda haka mutane suka buɗe kunne da jin cewa akwai allurar da ake yi wa shanu su nemi bijimi duka a mako ɗaya. Wasu ma suna kiranta allurar haihuwa, kuma wannan sunan ne ke sa mutane asara. Allurar ba ta ba da haihuwa. Lokaci kawai take daidaitawa. Wanda ya gane wannan zai ci moriyarta, wanda bai gane ba yana iya rasa kuɗinsa har da ɗan da ke cikin saniyarsa.

Yadda jikin saniya yake ƙirga kwanaki

A cikin saniya, kusa da mahaifa, akwai jakunkunan ƙwai guda biyu, kowace ba ta wuce girman dabino ba. Kowane kwana 21, wani lokaci 18 wani lokaci har 24, ƙwai ɗaya yakan nuna. Sa'an nan ne saniya ke neman bijimi. Bayan awa 24 zuwa 30 da fara neman, sai ƙwan ya fito ya gangara inda zai sadu da irin namiji.

A gurbin da ƙwan ya bari sai wani ɗan ƙulli rawaya ya tsiro. Wannan ƙulli yana zuba wani sinadari a cikin jini. Irin waɗannan sinadarai da wani sashe na jiki ke aikawa zuwa wani sashe su ake kira homon, wato kamar 'yan aike ne. Homon ɗin wannan ƙulli sunansa furojestaron, saƙonsa kuwa shi ne: a dakata, kada wani ƙwai ya fito. Mu ɗauke shi kamar sakatar ƙofa. Idan ciki ya shiga, sakata tana nan har haihuwa. Idan bai shiga ba, wajen kwana na 16 ko 17 mahaifa takan saki wani homon mai suna furostagilandin, shi kuma ya narkar da ƙullin. An zare sakata ke nan, bayan 'yan kwanaki saniya ta sake neman bijimi.

Duk alluran da za mu yi magana a kansu, ko dai suna zare sakatar nan ne, ko suna sa ta, a ranar da mutum ya zaɓa.

To, me ya sa ba za a bar jiki ya yi ƙirgarsa ba? Inda akwai bijimi nagari a garke dare da rana, lalle babu bukatar allura. Matsalar tana ga mai son barbarar zamani, wato a zuba wa saniya irin zaɓaɓɓen bijimi da hannu. Shanu masu tozo, irin su Bunaji da Rahaji da Bokolo, lokacin nemansu gajere ne, sau da yawa bai wuce awa goma ba, kuma da yawa cikinsu da dare suke farawa su gama kafin gari ya waye. Shi kuwa irin bijimin ana ajiye shi ne a cikin tulun ƙarfe mai ruwan naitirojin, wanda sanyinsa ya kai digiri 196 ƙasa da sifili. Ma'aikaci ba zai ɗauko tulun nan daga birni domin saniya ɗaya yau, wata jibi, wata bayan mako biyu ba. Amma idan shanu ashirin za su nema a kwana biyu ko uku, zuwa ɗaya ya isa.

Allurar zare sakata

Wadda ta fi araha kuma ta fi samuwa ita ce furostagilandin na kwalba. Za ku ji likitan dabbobi yana ambaton Estrumate ko Lutalyse. Idan saniya tana da ƙullin nan rawaya, allurar takan narkar da shi, ta nemi bijimi cikin kwana biyu zuwa biyar. Idan ba ta da shi, ko kuwa bai wuce kwana biyar da tsirowa ba, allurar ba za ta yi kome ba. Shi ya sa ake yin ta sau biyu, da kwana 11 a tsakani. Wadda ta farko ta wuce ta, ta biyu za ta same ta. Bayan allura ta biyu ana zuba ido a yi barbara ga wadda ta nuna alama, ko kuwa a yi wa duka sau biyu, a awa ta 72 da ta 96.

Ba a ƙasar Turai kaɗai aka gwada wannan ba. A Shika, kusa da Zariya, akwai gonar shanu tun 1928, wadda a 1976 ta zama cibiyar binciken kiwon dabbobi ta ƙasa, NAPRI, a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. A shekarun 1980 masana a can, cikinsu har da A. A. Voh, sun yi wa shanunmu na gida wannan allura, suka tsare su dare da rana suna rubuta lokacin da kowace ta nema, da rani da damina. Tun daga lokacin an san cewa tana aiki a jikin saniyar ƙasar nan, muddin jikin yana ƙirgarsa.

Yanzu ga abin da ya kamata kowa ya riƙe, ko da ya manta sauran darasin. Ƙullin da allurar ke narkarwa shi ne ke riƙe ciki. Idan aka yi wa saniya mai ƙaramin ciki, musamman a watanni biyar na farko, za ta yi ɓari. Kuma shanu da yawa da masu su ke cewa sun ƙi ɗauka, ashe sun ɗauka a wurin kiwo ba wanda ya gani. Saboda haka ba a taɓa yin allurar sai likita ya sa hannu ta dubura ya taɓa mahaifa. Amma hannun likita ba ya jin cikin da bai kai kwana 40 ba, ko na'urar hoto ma sai wajen kwana 30. Saniyar da bijimi ya hau mako biyu da suka wuce, likita zai ce ba ta da ciki, ba kuma laifinsa ba ne. Maganin wannan ɗaya ne: a raba ta da kowane bijimi wata biyu cif kafin ranar dubawa. Idan tana hannun makiyayi, a dawo da ita gida a ɗaure.

Abin da take yi wa saniya tana iya yi wa mutum, gama fata tana shan ta. Mace mai ciki kada ta taɓa kwalbar ko sirinjin, haka ma mai ciwon asma, domin tana iya toshe masa numfashi. Idan ta zuba a hannu a wanke nan take da sabulu. Tun da muna kan wannan, masu kiwon turka su lura cewa allurar dezametason da ake sayarwa a kasuwannin dabbobi ita ma tana zubar da cikin saniya idan ya tsufa.

Sa sakata da hannu

Hanya ta biyu ta fi tsada amma ta fi dacewa da shanu masu shayarwa. Wata 'yar roba ce mai ɗauke da furojestaron, ana kiranta CIDR ko PRID, likita yakan sa ta a al'aurar saniya ya bar ɗan zare a waje. Takan zauna kwana bakwai zuwa tara tana aikin ƙullin rawaya. Ranar da aka zare ta daga dukan shanun, sakata ta fita a lokaci ɗaya. Yawanci akan haɗa da furostagilandin, da wata allura mai suna eCG wadda ake tacewa daga jinin goɗiya mai ciki, domin ta taimaki ƙwai ya nuna. Wannan hanya tana iya tayar da saniyar da jikinta ya yi ɗan barci bayan haihuwa, abin da furostagilandin shi kaɗai ba ya yi. An gwada irinta a kan shanun Azawak a tashar kiwo ta Tukunus, kusa da Filinge a Jamhuriyar Nijar, inda ruwan sama bai kai namu ba.

Akwai ta uku, Ovsynch, wadda aka fito da ita a Jami'ar Wisconsin ta Amurka a 1995: allurar GnRH a ranar farko, furostagilandin bayan kwana bakwai, GnRH kuma bayan kwana biyu, sai barbara bayan kimanin awa 16. An tsara ta ne domin manyan shanun madara na Turawa, kuma ba ta cika kamawa a shanu masu tozo kamar hanyar roba ba. Mun ambace ta ne domin kada sunan ya zama baƙo.

Ƙasar da ta fi kowa amfani da waɗannan hanyoyi a kan shanu masu tozo ita ce Brazil. A 2021 an yi irin wannan barbara ta ƙayyadadden lokaci fiye da sau miliyan 20 a can. Duk da ciyawarsu da likitocinsu, kimanin rabin shanun ne ke ɗauka a zuwa ɗaya. Duk wanda ya zo ƙauye ya yi alkawarin goma cikin goma, a riƙe aljihu.

Ramammiyar saniya

Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Idan abinci ya gaza, jikin saniya yakan fara da raya kansa, sa'an nan nonon maraƙi, haihuwa ita ce ta ƙarshe. Jakunkunan ƙwan sukan ƙanƙance su daina aiki. Babu ƙwai mai nuna, babu ƙulli rawaya, babu sakatar da za a zare. Wannan shi ne ainihin dalilin shekara biyun da muka ƙirga a farko. Saniyar da ta haihu da bazara, tana shayarwa, tana cin busasshen kara, ba za ta nemi bijimi ba sai ta murmure, wani lokaci sai damina ta biyu.

Kowa zai iya gwada saniyarsa. Tsaya a gefenta da hasken safe. Idan kana ƙirga haƙarƙarinta duka da ido, ƙasusuwan ƙugu sun fito kamar turaku, gindin wutsiya ya rafke, tozo ya kwanta, to ba ta isa allura ba. Idan haƙarƙari biyu ko uku na baya kawai kake gani, kuma ka shafa ka ji nama a kan ƙashin baya, ta isa. Wadda take ƙara ƙiba ta fi wadda take raguwa, ko da yau nauyinsu ɗaya.

Wata biyun da za ta yi a ɗaure nesa da bijimi, su ne watannin gyara ta. A ba ta maganin tsutsar ciki, masu kiwo kusa da madatsar ruwa ta Ajiwa da fadamu su tambayi likita maganin ciwon hanta. A cire kaska. A ba ta ciyawa ta ƙoshi, da dusa, da harawar wake ko ta gyaɗa, da angurya idan akwai, da kanwa ko gishirin lasa, da ruwa safe da yamma. A ganinmu, iyalin da kuɗinsu ba zai isa abinci da allura duka ba, su sayi abinci su bar allura. Saniya mai ƙoshi takan nemi bijimi da kanta.

Akwai dabaru biyu da ba su cin ko kwabo. Tsotson maraƙi yana danne homon ɗin haihuwa, saboda haka raba maraƙi da uwarsa na awa 48 daidai lokacin zare roba yana taimakawa, in dai maraƙin ya fara cin ciyawa, an kuma ba shi inuwa da ruwa. Na biyu, P. I. Rekwot da abokan aikinsa a Shika sun wallafa bincike a 2000 da ya nuna cewa shanun da ke zaune kusa da bijimi bayan haihuwa sun fi saurin komawa nema. Wannan ya fi amfani ga mai barbarar gargajiya. A kowane hali, kada a yi wa saniya allura sai ta cika wata biyu da haihuwa, kada kuma a yi wa karsanar da ba ta kai kashi biyu cikin uku na girman uwarta ba.

Ƙirga daga baya

Babbar ribar daidaita lokaci ita ce mutum ya zaɓi watan haihuwa. A Batagarawa ruwa yakan zauna daga Yuni zuwa Satumba. Saniyar da aka yi wa barbara ranar 1 ga Yuli za ta haihu wajen tsakiyar Afrilu, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, harawa ta yi tsada, rana tana ƙuna. Wadda aka yi wa ranar 1 ga Oktoba za ta haihu wajen tsakiyar Yuli, ciyawa ta kai gwiwa. Kuma a Satumba da Oktoba ne shanunmu suka fi kyan jiki. Ke nan a ɗaure su daga tsakiyar Yuli, abin da ba shi da wuya tun da dama ana tsare dabbobi saboda shuka, a duba su a tsakiyar Satumba, a yi barbara a ƙarshen watan ko farkon Oktoba.

Mai harawa cike da rumfa da kasuwar nono a birnin Katsina yana iya zaɓar haihuwar kaka, domin ya sayar da rani lokacin da nono ke tsada. Wannan lissafi ne mai kyau ga wanda ya tabbata abincin zai kai shi damina.

Ƙungiya ta tsaya a nan ta yi aiki: kowa ya faɗi watan da saniyarsa ta haihu na ƙarshe, a rubuta a allo, a ga nawa ne suka faɗo da bazara, da kuma abin da ya sami 'yan maruƙan.

Irin wane bijimi?

Mutane da yawa suna jin barbarar zamani sai su ce a ba su na Turawa mai baƙi da fari, wato Firiziyan. Gaskiya ne a Shika an daɗe ana haɗa shi da Bunaji, kuma 'ya'yan farko, masu rabi da rabi, sun fi uwayensu nono nesa ba kusa ba. Amma suna ci da yawa, suna shan ruwa da yawa, kaska da zafi sun fi damunsu, kuma idan jinin Turai ya wuce rabi da yawa wahalar takan ƙaru. Rabin 'ya'yan kuma maza ne. Ɗan Firiziyan tozonsa ƙarami ne, karkiya ba ta zauna masa kamar ɗan Bunaji, ba ya kuma jure huɗa da rana. Karsana ƙarama da aka ba irin babban bijimi tana iya wahala wajen haihuwa.

Mai shanu biyu a inuwa, da rijiya kusa, da mai sayen nono kullum, rabi da rabi zai yi masa. Wanda shanunsa ke tafiya kiwo mai nisa, ko yake son na huɗa, ya tambayi irin zaɓaɓɓen Bunaji ko Bokolo ko Azawak. Shanun kakanninmu ba su da aibu, yunwa ce ta ɓoye kyansu.

Idan bijimin gari za a yi amfani da shi bayan allura, kada a tara masa shanu ashirin a kwana uku. A raba su kashi-kashi, a kuma tabbata ba shi da bakkale, ciwon da ke sa shanu ɓari, yake kuma kama mutum ta ɗanyen nono da taɓa mabiyiya da hannu tsirara.

Tsarin aiki da bayan barbara

Zamanmu kusa da birni riba ce, gama likita zai iso ƙauyukan Batagarawa da babur ya koma a yini ɗaya. A zaɓi mutum biyu su je ofishin likitan dabbobi na jiha ko su bi ta malamin gona na KTARDA. Kafin a biya kome a tambaya: sau nawa zai zo, irin wane bijimi ne a tulunsa, daga ina ya fito, kuma kuɗin ya haɗa da duba ciki na farko da na ƙarshe? Maganin ya kasance da lambar NAFDAC, kwanan watansa bai wuce ba. Wasu daga cikin alluran, kamar eCG, sai a firji suke zama, kwalbar da ta wuni a tire a kasuwa ta riga ta mutu. A tambaye shi kuma ko akwai kwanakin da za a dakata da shan nono ko yanka.

A kafa ɗan matsattsen shinge na itace a inuwa inda saniya za ta tsaya ba kokawa. A sami littafi ɗaya, a rubuta sunan kowace saniya da ranar kowace allura har da awa. Idan likita ya ce Alhamis da ƙarfe bakwai na safe, to ba Juma'a ba ce, ko da ranar kasuwa ce ko biki. Jinkirin yini ɗaya yana ɓata aikin wata biyu.

Alamar da ba ta ƙarya ita ce saniya ta tsaya cik wata ta hau ta. Sauran su ne kuka, rashin natsuwa, raguwar nono, kumburin al'aura da farin yauƙi mai kama da ruwan ƙwai. Wadda ta tsaya da safe a yi mata da yamma, wadda ta tsaya da yamma a yi mata da sassafe. Idan aka ga ɗan jini a wutsiya, neman ya wuce da kwana biyu. Jinin ba ya nuna ta ɗauka ko ba ta ɗauka ba, a ƙirga kwana 18 daga ranar a fara tsaro.

Bayan barbara kada a kora ta tafiya mai nisa, kada a rage mata abinci. Daga kwana na 18 zuwa na 24 a duba ta da asuba da almuru, rabin awa kowane lokaci. Daga shanu ashirin, a sa rai takwas ko goma za su ɗauka, sauran za su dawo nema kusan tare, sai a sake kiran ma'aikacin ko a sakar musu bijimi. Wadda ba ta dawo ba kada a sake yi mata kowace allura, kada kuma a kai ta Charanchi ko Mai'adua da sunan juya, sai likita ya duba ta a kwana na 60.